Talaka Da Matsiyaci: Bambancin Rashin Wadata Da Zama Cikin Fatara

Sau da yawa takarda ta kan zo wa Hakimi daga ƙaramar hukuma, ko daga fadar Sarki, ko daga wata hukumar agaji, a ce ya aiko da sunayen matalautan ƙasarsa. Malamin Hakimi ya ɗauki alƙalami, dagatai da masu unguwanni su taru, sai a ga kowane gida na ƙauyen ya cancanci a rubuta shi, gama ba wanda ya ke da abin da ya ishe shi. In aka rubuta kowa, abin da za a raba ba zai kai ko'ina ba. In kuwa aka tsince waɗansu bisa ga son rai, ko bisa ga wanda ya fi yawan zuwa gaisuwa, sai taimakon ya wuce ta ƙofar wanda a ka yi shi dominsa. Abin da ke kawo wannan rikici shi ne an haɗa mutane iri biyu cikin kalma guda, alhali kuwa Hausa da kanta ta riga ta raba su tun da daɗewa.

Talaka, a asalin maganar, shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta. Ba lalle ne ya zama maras abin hannu ba, gama akwai talakan da ya fi dagacinsa shanu. Amma da ya ke galibin waɗanda ba su da sarauta ba su da dukiya mai yawa, sai kalmar ta zama sunan mai ƙaramin ƙarfi. Irin wannan mutum yana da 'yar gonarsa, da fartanyarsa, da akuya biyu ko uku a turke, da rumbun da ya kan kai shi kusa da kaka ko da ya ke da ƙyar. Rigarsa ta zuwa Masallacin Juma'a ɗaya ce, ba ya cin nama sai ranar kasuwa ko ranar Salla, amma tukunya tana hawa wuta a gidansa kowace rana, kuma in an yi haihuwa ya kan yanka ragon suna ko da da gudummawar 'yan'uwa ne. Shi ne wanda a ke cewa yana da rufin asiri.

Matsiyaci kuwa, ko wanda fatara ta kama, al'amarinsa dabam ne. Ba ƙarancin abin hannu kaɗai ke damunsa ba. Hanyar da zai bi ya sami wani abu gobe ita ce ta toshe. Ya ci irin shukarsa, ya jinginar da gona, ya sayar da akuyar matarsa, kuma wanda ya saba ba shi rance ya daina amsa sallamarsa. Kowace dabara da ya yi don ya ci abincin yau tana rage masa abincin baɗi. Shi ya sa ba a gane shi da ƙidayar abin da ke cikin ɗakinsa a rana ɗaya. Sai an duba inda ya fito da inda ya nufa.

Malaman fiƙihu ma sun yi wannan rarrabewa. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na mutanen da a ke ba zakka, ta fara da faƙirai da miskinai, kowanne da sunansa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita a ke bi a ƙasar Hausa, faƙiri shi ne mai ɗan abin da ba zai ishe shi shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda ba shi da kome, saboda haka ya fi faƙiri tsananin bukata. Waɗansu mazhabobi sun juya sunayen, amma ba su saɓa a kan cewa mutum biyu ne ba.

Manoma Biyu A Ƙauye Ɗaya

A ɗauka ga waɗansu manoma biyu, gonakinsu suna maƙwabtaka, girmansu ɗaya, iyalin kowannensu mutum bakwai. A kakar bara kowannensu ya ɗaure damin gero da dawa daidai da na ɗan'uwansa. Wanda ya zo ƙidaya ranar nan zai rubuta su a layi ɗaya, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba.

Na farko ba kowa ke binsa bashi ba. Ya zuba hatsinsa a rumbu ya liƙe, ya tafi cin rani birni wata uku, watau ya ɗauke bakinsa daga rumbun, ya komo da ɗan kuɗin taki. Matarsa tana ƙuli-ƙuli, da ribar ta ke sayen kayan miya. Da rani ya kwashe takin turkensa ya kai gona a kan jaki. Da ruwa ya sauka ya yi shuka ran nan, ya yi noman fari a kan kari, ya yi maimai. Cikin watan Agusta rumbun ya yi ƙasa, a ka koma cin tuwo sau ɗaya a rana ana cikawa da kwaɗon zogale da tafasa, har tumu ya nuna. Ya sha wuya, ba shakka, amma kaka ta same shi a inda ta bar shi bara.

Na biyu tun cikin daminar da ta wuce matarsa ta yi doguwar jinya, ya ci bashin hatsi a kan zai biya da kaka. A wurare da yawa sharaɗin irin wannan bashi shi ne a karɓi ɗaya a biya biyu, ko da ya ke tsakanin karɓa da biya bai wuce wata uku ko huɗu ba, kuma ko da ya ke shari'a ta haramta shi. Saboda haka tun a masussuka masu bashi su ka ɗebi rabonsu. Sauran bukatun da su ka taru, na tufafi da na magani, su ka tilasta shi ya kai wani kashi kasuwa a lokacin da kowa ke kai nasa, watau lokacin da hatsi ya fi araha cikin shekara duka. Kafin bazara rumbunsa ya ƙare. Hatsin nan da ya sayar da araha shi ne zai komo ya saya a mudu da tsada, wataƙila ma a hannun wanda ya saya daga gare shi.

To, da ruwa ya sauka, ina zai sami kuɗin mudun? Sai ƙwadago. Ya kan wuni a gonar wani daga safe har azahar, a biya shi, ya sayi abin da za a tuƙa da dare. Tasa gonar sai da la'asar, in ƙarfi ya rage. Ranakun da a ke neman 'yan ƙwadago su ne daidai ranakun da gonarsa ta fi bukatarsa, gama ciyawa ba ta jiran kowa. Haki ya ci gero, ba taki, ba noma a kan kari, kaka ta zo ya sami abin da bai kai na bara ba, ga kuma sabon bashi yana jira a masussuka. Shekara ta uku sai jinginar da rabin gonar. Wanda ya gan shi zaune a gindin bishiya, gonarsa ta zama saura, ya kan ce rago ne. Ba a cika tambayar yadda a ka yi ya zo nan ba.

A shekarar 1967 wata Baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arzikin ƙauye, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina, ta bi gidajen manoma 171 ɗaya ɗaya, kāna ta buga littafi a kan abin da ta gani a 1972. Ma'aunin da ta yi amfani da shi ya cancanci kowane malamin Hakimi ya san shi, domin daga bakin mutanen garin ta samo amsarsa. Ta tambayi waɗanda su ka san kowa a garin yadda kowane gida zai kasance in kaka ta makara ko ta yi muni. Da wannan tambaya gidajen su ka rabu kashi huɗu: waɗanda ba abin da zai same su har ma za su taimaki waɗansu, da waɗanda za su tsira da kansu kawai, da waɗanda za su sha wuya, da waɗanda za su tagayyara. Game da na ƙarshen nan ta nuna cewa talaucinsu ya kai ga hana su noma, ko da ya ke akwai dajin da ba wanda ya hana su sharewa. Mutumin da ba shi da abincin gobe ba ya iya ba gonarsa kwana uku a jere, balle ya jira wata uku. Garin ya canza ƙwarai tun daga lokacin nan, amma tambayar tana nan da amfaninta.

Yadda A Ke Faɗawa

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cin bashi kaɗai ba alamar fatara ba ne. Attajiri ma yana ci. Abin dubawa shi ne me a ka yi da shi. Wanda ya ranci kuɗi ya sayi taki ko ɗan maraƙin kiwo yana da abin da zai biya da shi. Wanda ya ranta don a ci da dare ba shi da kome sai alkawari.

Haka kuma akwai tsari a yadda gida ke rabuwa da abin da ya mallaka, kuma dagacin da ya san mutanensa ya san tsarin nan ko ba a faɗa masa ba. A kan fara da rage cin abinci da komawa ga ganye. Sa'an nan kaji da awaki. Sa'an nan kayan ɗakin mace, kwanoni da zannuwan da ta ke ajiye wa 'yarta. Duk waɗannan ana iya mayar da su in shekara ta yi kyau. Amma daga ranar da a ka taɓa irin shuka, ko garma da shanun huɗa, ko keken ɗinki, ko babur ɗin da a ke haya da shi, ko gona, an tsallake wata iyaka, gama an sayar da abin da ke haifar da abinci. Bayan wannan sai watsewar gida: samari su shiga duniya, mace ta koma gidan iyayenta, yara su fita da ƙoƙo.

Abin da ya fi tura mutane ƙetaren iyakar nan cikin shekarun da ba na fari ba shi ne ciwo. Zazzabin cizon sauro ya fi yawa cikin damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya yi yawa. A da kurkunu ya kan kwantar da magidanci makonni a tsakiyar noma, har a ka kawar da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Mutuwar maigida kuma ta kan raba gandu, gonar da ta ciyar da gida guda ta zama gutsattsari a hannun magada, kowane yanki bai isa ya riƙe mai shi ba. Biki da kayan aure su ma suna da nasu rabon, ko da ya ke an fi son ɗora musu laifi fiye da yadda ya kamata, domin gudummawar da mutum ya kai wa wani a bikinsa ajiya ce, ita za a mayar masa ranar nasa.

Sa'an nan akwai shekarun da masifa ke auka wa ƙasa gaba ɗaya. Ruwa ya yi ƙaranci a 1913, a ka yi yunwar 1914 wadda tsofaffi su ke kira Kakalaba, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe. An yi farin 1973 da 1974, cutar da ta lalata gyaɗa ta biyo baya a 1975. A 1983 ciwon bushiya ya kashe shanu masu yawa, fari kuma ya sake aukuwa a 1984, makiyayan da su ka wayi gari da garke su ka koma masu kiwon shanun waɗansu. A 2022 ambaliya ta cinye gonaki a Jigawa da waɗansu jihohi, a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Tun wajen 2011 kuma 'yan bindiga su ka addabi Zamfara, abin ya bazu zuwa Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja, mutane su ka bar gonaki a shuke, waɗansu su ka sayar da nasu don biyan kuɗin fansa.

Irin waɗannan shekaru su kan jefa mai hali da maras hali cikin yunwa lokaci guda, har a zaci sun zama ɗaya. Sai bayan abin ya wuce a ke ganin bambanci. Wanda ya shiga masifar da gonarsa, da 'yan'uwa masu ƙarfi, da sunan kirki wurin masu ba da rance, ya kan miƙe cikin kaka biyu ko uku. Wanda ya shige ta da bashi a wuyansa shi ne ya kan fito ba gona. Ɗan gudun hijirar da ke kwana a makarantar firamare yau, wanda bara ya ke da shanun huɗa, bukatarsa hanya ce ta komawa gonarsa lafiya. In ya daɗe bai samu ba, sannu a hankali zai zama irin wancan. Wani masanin tattalin arziki Ba'indiye, Amartya Sen, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa a yunwar da a ka yi a Bengal a 1943 mutane sun mutu alhali akwai shinkafa a ƙasar, sai dai farashinta ya wuce abin da ladan aikinsu zai saya. Wanda ya ga yadda kuɗin mudu ya tashi bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Tsadar nan ta amfani manomin da ke da rarar hatsi a rumbu, ta karya maƙwabcinsa mai saye da mudu.

Akwai kuma wani rashi da ke tafiya da shekarun mutum. Wani Bature, Seebohm Rowntree, ya bincika gidajen ma'aikata a birnin York na Ingila a 1899, ya lura lebura ya kan shiga ƙunci sau uku a rayuwarsa: yana yaro, da lokacin da 'ya'yansa su ke ƙanana, da kuma tsufa. Abin ya yi daidai da gandu. Magidanci mai 'ya'ya biyar da ba wanda ya isa riƙe fartanya yana cikin matsi, amma bayan shekara goma yana iya zama mai hannuwa shida a gona. Tsohon da 'ya'yansa su ka fita daga gandu su ka tafi, ko wanda bai haifu ba, ba shi da irin wannan sa rai. Malamin da ya rubuta su biyun a layi ɗaya ya ɓoye wa hukuma abin da ta fi bukatar sani.

Ma'aunin Gwamnati

Gwamnati tana da nata ma'auni, kuma ya kamata Hakimi ya san abin da ya ke aunawa da abin da ba ya iya gani. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019, an sa iyakar talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, watau wajen naira 376 a rana, a ka sami kashi 40 cikin ɗari na jama'a, kusan mutum miliyan 83, suna ƙasa da ita, ban da Jihar Borno wadda ba a iya bincikawa sosai ba. Darajar naira ta faɗi ƙwarai tun daga lokacin, saboda haka adadin kuɗin nan ba ya aiki yau. Bankin Duniya kuma yana da tasa iyakar, wadda ya ɗaga zuwa dala 3 a rana a 2025.

A 2022 hukumar ta fito da wani ma'auni dabam wanda ba kuɗi ya ke ƙirgawa ba. Yana duba ko akwai yaron da ba ya zuwa makaranta a gidan, da nisan asibiti, da irin ruwan da a ke sha, da makewayi, da abin da a ke girki da shi, da rashin aiki, da tashin hankali. Da wannan a ka sami kashi 63 cikin ɗari, watau mutum miliyan 133, kashi 65 cikin ɗari daga cikinsu a Arewa. A Jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 91 cikin ɗari, a Ondo kuwa 27.

Waɗannan alƙaluma suna da amfani wajen raba kuɗi tsakanin jihohi da sanin inda za a haƙa rijiya ko a gina asibiti. Amma a ƙasar da mutum tara cikin goma su ke ƙarƙashin iyaka, ba za su gaya wa Hakimi gidan da zai fara aika wa da buhu ba. Manoman nan biyu duk suna ƙarƙashinta. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, kuma wannan sani yana wurin mai unguwa, da limami, da unguwarzoma, da mai niƙa wanda ya san gidan da ya kwana uku bai aiko da hatsi ba.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ikon da En'e ke da shi ya koma hannun majalisun ƙananan hukumomi, a 1979 kuma gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, su ka soke haraji da jangali. A zamanin haraji malamin Hakimi ya kan bi gida gida ya rubuta kowane baligi, kuma talaka ya kan ɓoye abin da ya ke da shi. Yanzu rubutun na taimako ne, sai mutane su ke nuna rashin da ya fi wanda su ke ciki. Rajistar marasa galihu ta ƙasa, wadda a ka fara a 2016, an shirya ta a kan jama'ar gari su taru, maza dabam, mata dabam, matasa dabam, su faɗi abin da su ke kira talauci, su kuma ambaci gidajen da ke cikinsa. Tsari ne mai kyau muddin manyan gari ba su zauna a gaba suna kallon bakin kowa ba.

Idan malami zai rubuta gida, tambayar nawa a ke samu a wata ba ta da amfani a ƙauye, gama ba wanda ya san amsarta, wanda ya sani kuma ba zai faɗa ba. Gara ya tambayi watan da hatsin gidan ya ƙare bara, da gonar wa maigidan ya yi wa noman fari, tasa ko ta wani. Ya tambaya ko akwai gonar da ke jingine, da shekarar da a ka jinginar, da dalili. Ya dubi turke. Ya tambayi wanda gidan zai nufa in ciwo ya tashi da tsakar dare, domin mutumin da ya iya ambatar sunan wa, ko suruki, ko ubangida, bai faɗi ƙasa ba tukuna. Wanda ya yi shiru a wannan tambaya shi ne abin tsoro.

Ya kuma dubi yara ƙanana, gama a jikinsu fatara ke barin tabon da ba ya gogewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yaron da bai sami isasshen abinci ba tun yana ciki har ya cika shekara biyu, da wuya ya cike giɓin daga baya, a tsawo ko a karatu. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan zare mai launi da su ke auna damtsen yaro da shi. In ya nuna ja, watau kaurin bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani, a kai shi asibiti ran nan, kada a tsaya jiran rabon hatsi.

Taimakon da ya dace da mutanen nan biyu ba ɗaya ba ne. Talaka mai rufin asiri ba sadaka ya ke nema ba, sau da yawa ma ta kan ɓata masa rai. Bukatarsa taki ya iso kafin shuka maimakon bayan maimai, da hanyar kai kaya kasuwa, da rancen da ba ruwa, da alƙalin da ba zai bari a ƙwace masa gona ba. Wanda fatara ta kama kuwa, in a ka ba shi buhun taki a watan Yuni zai sayar kafin magariba, kuma ba wauta ya yi ba, yaransa ne ba su ci ba. In a ka ba shi rance an ƙara masa igiya a wuya. Shi sai an fara da abincin da zai riƙe gidan tun daga shuka har tumu, don ya sami damar tsayawa a gonarsa, sa'an nan iri, sa'an nan a zauna da wanda ke riƙe da gonarsa a san yadda za a fanso ta. Gayya ta kwana ɗaya a gonar mara lafiya a lokacin noman fari ta kan hana abin da buhu goma ba za su gyara ba bayan shekara biyu. Tsoho da makaho da gwauruwar da ba ta da mai noma mata kuwa, ba a sa musu ranar da za su tsaya da ƙafafunsu, ciyar da su nauyi ne a kan gari muddin suna raye.

Zakkar hatsi tana wajaba in abin da a ka girbe ya kai wasƙi biyar, watau sa'i 300, a fitar da ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda a ka yi wa ban ruwa da wahala. Ranar girbi a ke fitar da ita, lokacin da ko matalauci yana da ɗan abin sa wa a baka, hatsi kuma ba shi da daraja. Yunwa kuwa sai bayan wata takwas ta ke zuwa. Hakimin da ya shawarci limamai da masu hali su ka gina rumbun gari, don sadaka da gudummawa ta jira watan Yuli, ya ninka amfanin kowane dami ba tare da ya ƙara ko zangarniya ɗaya ba. Sai dai makullin rumbun nan kada ya zauna a hannun mutum ɗaya, kuma abin da ya shiga da abin da ya fita a rubuta shi a gaban shaidu.

Kalmar matsiyaci zagi ce a bakin jama'a, saboda haka ko da ya ke an yi amfani da ita a nan don bayani, kada malami ya sa ta a takarda kusa da sunan kowa, kada kuma a karanta sunaye a dandali. Da yawa daga cikin waɗanda su ka fi bukata ba za su zo ƙofar Hakimi ba. Akwai macen da ta kan ɗora ruwa zalla a murhu da magariba don maƙwabta su ga hayaƙi. Mata a cikin kulle ba sa bin layi, sai an aika musu da mace 'yar'uwarsu wadda za ta shiga har ɗaki, kuma abin da za a ba su a kai da dare.

Lokacin rubutu ma yana da muhimmanci. Jerin da a ka yi a watan Nuwamba, kowa da sabon hatsi a tsakar gida, ba ya nuna kome. A yi shi cikin bazara kafin ruwa ya sauka, a sake dubawa a watan Agusta, a kuma ajiye na bara kusa da na bana. Gidan da ya fito a jerin shekara ɗaya ya ɓace a ta biyu, wata masifa ce ta same shi ya warke. Gidan da sunansa ya fito shekara uku a jere, Hakimi ya kira dagacin wurin ya tambaye shi a hannun wa gonar gidan ta ke.